Kujerar Harira a Bayan Direba

A wajen sunan jikar maƙwabciyata a Malali, nan Kaduna, na ji wata mata, wadda ko ƙofar motar ba ta gani ba, tana ba da labari wai Harira ta Hayin Banki ta ga waya ta watsar da littattafanta, wai ma 'yan mata ne suka koya mata karatu a hanyar Malumfashi. Na ajiye kwanon da ke hannuna na ce ta rufe mana baki. Ina cikin motar nan tun daga Malali har ƙofar gidan ango. Tun da an fara yanka labarin ana raba wa kowa tsoka, gara in rubuta shi yadda ya faru, mai jin haushi ya ji.

Yaya Harira ba danginmu ba ce, Yaya nake ce mata don ta girme ni da shekara tara. A Hayin Banki aka haife ta, a nan ta yi aure, a nan take har gobe, cikin gidan da maigidanta Malam Tukur ya bari. Masinja ne a wata ma'aikata a cikin gari, Allah ya ji ƙansa, shekararsa goma sha ɗaya da rasuwa. Karatunta firamare ne kawai, amma ni da na yi sakandare ban isa in ja da ita a karatun Hausa ba. Malam ne ya fara kwaso mata tsofaffin jaridu daga ofis, daga nan ta koma littattafan hikaya. Duk ƙarshen wata sai ta hau mota zuwa Babbar Kasuwa ta sayo biyu ko uku, ta yi musu riga da takardar buhun siminti, ta ɗinke gindinsu da zare da basilla, ta jera a akwatin ƙarfe. Matan unguwa suna zuwa haya. Wannan sana'ar ta mutu tun da waya ta shigo, yanzu man gyaɗa take sayarwa, kuma ban taɓa jin ta yi kuka da hakan ba. Abin da aka san ta da shi daban ne.

Wata shekara, kafin a haifi rabin masu surutun nan, aka kwashi mata zuwa Kano kai amarya. Tun ba a kai Jaji ba rigima ta kaure a kan wadda ta baro kwallar dubulan a gida. Har an fara tone-tonen asali. Harira ba ta ce wa kowa ta yi shiru ba, littafi ta zaro daga jaka ta fara karantawa da ƙarfi. Shafi biyu, motar ta yi tsit. Aka isa Kano ba wadda ta tuna da dubulan. Tun daga ranar, daga Kawo har Malali, duk gidan da za a kai amarya wani gari sai an ware kujera guda, ta bayan direba gefen taga. Kujerar Harira ke nan.

Mutane suna zaton buɗe littafi kawai take yi ta kama karatu. Wanda bai san aiki ba shi ke raina shi. Kwana uku kafin tafiya sai an kai mata sunayen duk matan da za su shiga motar, da na mazajensu, da na surukansu, da na 'ya'yansu na fari. Sai ta zauna ta bi littafin daga farko har ƙarshe da fensir. In ɓarawon cikin labarin sunansa ɗaya da surukin wata, ta soke ta rubuta wani a sama. Ku da kanku kun sani, ba macen da za ta so a yi awa huɗu ana tsine wa mai sunan uban mijinta, ana satar kallonta ana ƙunshe dariya. In kuma ta zo wurin da marubuci ya saki baki, irin zancen ɗaki da ba a yi gaban uwa da 'ya, sai ta haɗe shafukan ta soke su da fil. Akwai littafinta da na ƙirga fil tara a jikinsa. Sannan ta auna littafin da hanya. Da yatsa take jin kaurin abin da ya rage. Ta san inda za ta kai a Zariya, ta san inda za ta datse a bar mata cikin zulumi su sauka sallah, kuma shafin ƙarshe yana ƙarewa ne daidai lokacin da direba ke tambayar layin gidan ango. Shekara ashirin da wani abu ba ta taɓa kuskure ba. Ladanta kujerar nan ce, da atamfar anko da ake aika mata kamar 'yar gida, da yadda ake matsawa a ba ta tabarma in ta shigo gidan biki. 'Ya'yanta uku duk suna wasu garuruwa. In aka cire tafiye-tafiyen nan, abin da ya rage mata jarkar man gyaɗa ce da bangon ɗaki.

To bana aka sa bikin Bara'atu, 'yar ƙanena Aminu, za a kai ta Malumfashi. Ni ce gwaggo, ni ce mai miƙa amarya. Ƙanwar amarya, Ilham, ita ke tsara wa zai shiga wace mota, a cikin wayarta. Saura kwana biyar ta same ni a kicin.

"Gwaggo, bas ɗin mutum goma sha takwas take ci, mu ashirin ne. Na ga kamar a bar Inna Harira ta huta wannan karon."

"Ta ce miki ta gaji?"

"A'a. Amma kowa da wayarta yanzu. Na ma tura sabon littafi a guruf ɗin biki, mai so ta karanta abinta. Kuma tsakani da Allah, Gwaggo, littattafan nan nata mun haddace su. Wanda ta karanta a bikin Aziza shi ta maimaita a na Kano."

"To cire ni ki sa ta."

"Haba Gwaggo."

"Ba haba. Matar nan ita ta raka uwarki ɗaki. Ki zare ƙawayenki biyu ki cusa su a ƙananan motoci, ko ku nemi wata gwaggon."

Ta zare su tana zumɓura baki. Na ci nasara, amma maganarta ta tsaya mini a rai, don ni ma na lura da maimaicin.

Ranar Alhamis na kai wa Yaya Harira takardar sunaye. Na same ta a tsakar gida, akwatin a buɗe, littafi a cinya, ba fensir a hannu. Ta karɓi takardar ta kai ta nesa, ta dawo da ita har bakin hanci, sai ta miƙo mini.

"Karanto mini, Asabe. Rubutunki kamar tafiyar kaza."

Rubutuna ba kamar tafiyar kaza ba ne, har kyauta na ci a kansa a makaranta. Na dube ta sosai.

"Yaya, tun yaushe?"

Ta daɗe tana shafa bayan littafin. "Shekara biyu."

"Ba ki je asibiti ba?"

"Na je. Sun ce yanar ido ce ta fara, sun ba ni tabarau, sun ce in riƙa dawowa. Da tabarau ina ganin allon kanti, ina ganin lambar mota. Amma wannan," ta buga littafin, "tururuwa ce a kan toka."

Kuma gaskiyarta. Ku ɗauki littafin kasuwa ku duba. Takarda kamar an tsamo ta daga ruwan wanki, rubutu an matse shi don a rage shafi, tawada rabi ta kama rabi ba ta kama ba. Masu bugawa suna zaton duk mai karatu 'yar shekara sha takwas ce? Matan da suka raya musu kasuwa sun tsufa a kan littattafansu, ba wanda ya taɓa tunanin ƙara musu girman baƙi.

"To me kike karanta mana duk tsawon nan?"

"Shida ne a kaina. Su nake juyawa. Littafin riƙe shi kawai nake yi." Ta kama hannuna. "Kada ki gaya wa kowa. In suka sani tausayina za su ji, su ce in zauna a gida in huta. Ni hutun nan nake tsoro."

Na karanta mata sunayen sau biyu, ta maimaita su ba tuntuɓe. Na jaddada mata guda ɗaya: Hajiya Hansai, gwaggon ango, ita za ta zo ɗaukar amarya, kuma mijinta Alhaji Mansur ne. Ta ce ta riƙe.

Lahadi da safe muka tashi daga Malali. Amarya tana ƙaramar mota a gaba, mu muna bas. Harira a kujerarta, ni a gefenta, Ilham a bayanmu, Hajiya Hansai a gaba kusa da direba, wani Mustapha mai haƙuri. Muna sauka gadar Kawo Harira ta yi bisimilla ta buɗe littafi. Muryar nan tana nan yadda take, ba ta rawa. Amma labarin mun ji shi sau uku. Manyan mata suna saurare don kara, 'yan mata a baya kowa ta sunkuya a kan wayarta. Wata ma ta faɗi ƙarshen labarin a fili, aka ƙyalƙyale.

Mun wuce Mararraban Jos sai Ilham ta leƙo ta saman kujera. Ba zan ce da mugunta ta faɗa ba, bakin yaran yanzu ne ba linzami.

"Inna, tun Rigacikun fa ba ki juya shafi ba."

Na juyo zan wanke ta, Harira ta dafa gwiwata. Ta rufe littafin a hankali.

"Ba na gani, 'yar nan. Shekara biyu ke nan ba na gani. Daga ka nake kawo muku." Ta ɗaga murya kaɗan. "Mustapha, kunna musu rediyo."

Mustapha bai kunna ba. Na san abin da ke zuwa: sannu Inna, Allah ya ba da lafiya, ai da kin faɗa da an bar ki kin huta. Daga nan shi ke nan, an rufe babinta da addu'a.

Sai na ji ana tura ni. Ilham ce ta tsallako kujera da doguwar rigarta, ta cusa kanta tsakanina da Harira, ta matse ni da wadda ke gefena kamar buhun masara. Idonta ya yi ja. Ta buɗe littafin da ta tura a guruf, ta sa yatsu biyu a gilashin wayar ta ware su.

"Inna, sa tabaranki. Duba nan."

"Na ce miki ba na gani."

"Duba dai."

Ta sa tabarau ta duba. Sai ta ce, "Ƙara." Ilham ta ƙara. "Ƙara kaɗan. Tsaya nan."

Baƙaƙe ne manya kamar goro, baƙi wuluk a kan fari mai haske. Na ga leɓɓanta suna motsi. Sai ta karanta a fili, a hankali, kamar mai taka ƙasa bayan doguwar jinya: "Ranar da aka buɗe sabon asibitin garin, ruwa aka wuni ana yi." Ta ɗago ta dube ni. "Asabe, ruwa aka wuni ana yi. Ga shi nan. Ga wuni, ga ruwa."

Wata a baya ta rangaɗa guɗa, ni kuma na ce abu ne ya faɗa mini a ido.

Amma nan take fuskarta ta canza. "Layi huɗu kawai nake gani. Ban san abin da ke gaba ba. Ni ban taɓa karanta wa mutane abin da ban tace ba."

Hajiya Hansai ta juyo daga gaba. "Baiwar Allah, tun a Malumfashi aka ba ni labarinki, shi ya sa na ƙi shiga ƙaramar mota. Karanta. In kin yi ɓari mu kwashe."

Ta gyara zama. Ta kai ƙarshen layi na huɗu, ta lashi yatsa ta goga a gilashin.

"Inna, ba a lasa."

"To da me zai kama?"

"Turawa kawai za ki yi sama."

"Abu ba ladabi," in ji ta, ta tura.

Labarin wata ma'aikaciyar jinya ne da aka kawo sabon asibiti. Kafin Jaji muryar Harira ta dawo gidanta. Ta yi muryar tsohon maigadi, ta yi ta shugabar ma'aikata mai hanci a sama, har Mustapha yana dariya shi kaɗai. Sai ta zo: "Sai ga wani saurayi ya shigo da laima a hannu, sunansa…" Ta tsaya cak. Na leƙa. Ga shi nan ɓaro-ɓaro ya cika rabin gilashi: Tukur. Shekara talatin da biyu suka yi tare, ba mahalukin da ya taɓa jin sunan nan a bakinta. Ta tsare sunan mijin kowa, ga nata ya fito mata ba sallama.

Ta gyara tabarau ta ce, "Sunansa mai sunan Malam."

Motar ta kece da dariya. Wata tsohuwar maƙwabciyarsu ta ce, "Allah ya ji ƙan Malam, ashe har da laima yake zuwa zance." Harira ta ja mayafi ta rufe rabin fuska ta ci gaba. Kuma shi ne jarumin labarin. Duk lokacin da mai sunan Malam ya gaya wa ma'aikaciyar jinya magana mai daɗi, sai mayafin ya ƙara saukowa, mu kuma mu ƙara shewa.

Ina dariya, amma ina lissafi. In Tukur ya iya fitowa haka, Mansur ma zai iya. Na miƙa hannu baya na fizge wayar Samira, ƙawar Ilham, don ita ma tana da littafin. Na danƙa wa Ilham, na zaro takardar sunaye daga jakata na ɗora mata a cinya. Na raɗa mata: "Ki riga ta da shafi biyu. In kin ga suna daga cikin waɗannan, matsa gwiwarta sau ɗaya. In zancen ɗaki ne, sau biyu. Yau ke ce fil."

Allah ya sa na yi haka. Mun wuce Kwangila, mun bar Samaru, muna dosar Shika, sai ga ɗan kwangilar da ke sace maganin asibiti yana sayarwa. Na ga yatsun Ilham sun nutse a gwiwar Harira. Ko numfashi ba ta sauya ba. "Sai ga Alhaji Sharhabil ya fito daga mota yana saɓa babbar riga." Ni da Ilham muka dubi juna. A gilashin, Alhaji Mansur aka rubuta.

Abin da ya sa na ce a bar ni in ba da labarin da kaina shi ne wannan. Shekara da shekaru Harira tana aikin nan ba mai gani, don littafin guda ne kuma a hannunta yake. Ranar kuwa 'yan mata biyar a baya suna da shi a wayoyinsu, suna bin ta layi-layi. A gaban idonsu Mansur ya zama Sharhabil, kuma bai ƙara komawa Mansur ba ko sau ɗaya cikin ambato ya fi hamsin. Suka ga inda marubuciya ta yi ta kewaye-kewaye shafi guda, Harira ta naɗe shi a jimla biyu ya fi daɗi. Ɗaya bayan ɗaya suka kife wayoyin a cinya suka zuba mata ido. Hajiya Hansai kuwa ta fi kowa zafi. "Allah ya tona asirin Sharhabil," take cewa tana buga gaban mota. "Mi ya yi saura, maganin marasa lafiya? Wannan matarsa ta shiga uku." 'Yan mata suna cusa mayafi a baki, hawaye yana zuba.

Bayan Giwa aka matsa gwiwa sau biyu. Harira ta ce, "Sai aka rufe ƙofa. Gari ya waye." Ilham ta yi ta tura gilashi da sauri.

"Inna, kin tsallake shafi bakwai," in ji wata daga baya.

Na ce, "Wadda ta ƙara magana a nan za ta sauka, ta nemi motar itace."

Kada wani ya ce ina tallar waya. Abin nan ya ba mu wahala. Ta yi zafi kamar dutsen guga, sai da Mustapha ya miƙo caja aka ja igiya ta kan kafaɗarsa. Muka faɗa wani rami, yatsan Harira ya zame, littafin ya zuba da gudu har ƙarshe. Ta runtse ido tana cewa a mayar da ita, ba ta son ganin yadda aka ƙare, aka yi minti biyar ana neman inda take. Littafin takarda da ya faɗi ƙasa ɗauka za ka yi ka kaɗe, kunnen da ka lanƙwasa yana nan yana jiranka. Sannan gab da Funtuwa wani saƙo ya sauko daga saman gilashin, shi ma da manyan baƙaƙe. Ilham tana can tana duba gaba a ɗaya wayar, ba ta gani ba. Harira ta yi tari, ta ce a ba ta ruwa, ta sha a nutse har saƙon ya koma inda ya fito, ta ci gaba.

A Funtuwa muka sauka sallar azahar. Mun idar, muna gyara ɗauri, na ji ta kira Ilham gefe. Ni kuwa kunnena ba ya hutu.

"'Yar nan, wani Sagir ya ce tun safe bai ci abinci ba don bai ji muryarki ba."

Ilham ta dafe baki.

"Gwaggonninki huɗu ne a motar nan. Na sa masa fil. Ki ce masa ya ci abinci, sannan ya turo manya."

Yarinyar nan da ta ce a bar Inna ta huta, ita ta ɗauki takalman Harira ta ajiye mata a gabanta.

Daga Funtuwa aka shiga tsakiyar labari. An ɗora wa mai sunan Malam satar maganin. Bayan Bakori na ga hannun hagun Harira yana lalube a bayan wayar, yana neman abin da babu.

"Saura nawa?"

"An yi kashi sittin da biyu, Inna."

"Ni ban san kashi ba. Kauri nawa?" Ta nuna da yatsu biyu.

Ilham ta juya wayar, sirit kamar wuƙa. "Ba ta da kauri, Inna."

"To mun shiga daji ba sanda."

Ta ƙara sauri, amma ina. Muka shiga Malumfashi daidai lokacin da 'yan sanda suka sa wa mai sunan Malam ankwa, ita kuma ma'aikaciyar jinya ta tsinci takardar da Sharhabil ya sa wa hannu, tana gudu zuwa ofishinsu, ga motar Sharhabil a bayanta. Mustapha ya taka birki a ƙofar gidan ango. Motar amarya tana tsaye a gaba, mata sun cika ƙofa da kaskon turare, an fara guɗa. Harira ta sauke wayar, kunya ta kama ta.

"Ku yafe ni. Ban taɓa kawo mutane ƙofa da labari a buɗe ba."

Ba wadda ta motsa. Ni ce ya kamata in fara sauka in kama hannun amarya, kuma ina faɗa da bakina, ban motsa ba.

Hajiya Hansai ta ce, "Direba, zagaya."

"Ina, Hajiya?"

"Ko ina. Bi ta bayan kasuwa ka dawo. Gidan ɗan'uwana ne, ba tashi zai yi ba."

Muka ja muka bar masu guɗa da baki buɗe. Sau biyu muka zagaya kafin yarinyar cikin labarin ta kai takardar, motar kuma ta ɗauki sowa har masu shago suna leƙe. Bara'atu har yau ba ta yafe mini ba. Ta ce na bar ta minti ashirin cikin lulluɓi da zafi saboda mutumin da ko wanzuwa bai yi ba. Na ba ta haƙuri, amma da za a sake, zagayawa zan yi.

Washegari aka ƙarasa littafin a hanyar dawowa. Mu goma sha tara ne, don an riga an ba wata kujerar Hajiya Hansai, sai ga ta ta tuna wai tana da sayayya a Babbar Kasuwa, Samira ta dawo Kaduna a kan kular abinci. Har yau Hajiya, baiwar Allah, ba ta san da wane suna aka haifi Sharhabil ba, kuma duk wadda ta gaya mata ni da ita ne.

To ga amsar masu cewa ta watsar da littattafanta. Akwatin yana nan, ranar Juma'a ma na ga ta shanya su tana kaɗe ƙura. Ɗanta na Legas ya aiko mata da waya mai faɗi. Kwana uku kafin tafiya Ilham tana zuwa Hayin Banki, su zauna a tabarma, ita ta nemo sunaye a cikin littafi, Harira ta raɗa musu sababbi, su yi shawarar inda za a rufe ƙofa gari ya waye. Maganar kauri ma ta samo mata magani. Tana ɗora wayar a kan wani tsohon littafi mai rigar siminti, in aka ce mata an yi kashi kaza sai ta cusa yatsa a cikin shafukan daidai wurin, ta ji abin da ya rage. Tun Malumfashi ba ta ƙara kai mutane ƙofa da labari a buɗe ba, ko da yake akwai masu roƙon ta yi. Watan jiya gida biyu suka sa kai amarya rana ɗaya, sai da ɗaya ya ɗaga nasa zuwa Litinin.

Shekaranjiya ina can Ilham ta shigo da takarda, ta rubuta ta da manyan baƙaƙe da hannunta. Ta durƙusa ta miƙa, ta kasa ɗago kai. Manya sun zo, an sa rana bayan sallah, Gumel za a kai ta. Harira ta sa tabarau ta bi sunayen da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, ita da kanta. A saman takardar, kafin sunan kowa, an rubuta: bayan direba, gefen taga. Ta wuce shi kamar ba ta gani ba, ta gangara har ta zo kan sunan ango.

"Wannan na san shi," in ji ta. "Yana cin abinci yanzu?"